Wace kwamfuta ta dace da mai gina shafukan intanet a Bauchi?

Idan ka shiga shagon kwamfuta a wajejen Wunti, abin da za a fara nuna maka shi ne sitikar "Core i7" da ke jikin na'urar. Kada ka tsaya a kanta. Abin dubawa shi ne janareshan ɗin farosesar, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa aikin kwamfutar, kuma lambar farko bayan ɗan layin da ke cikin sunanta (ko biyun farko daga janareshan na 10 zuwa sama) ita ke faɗa maka: i7-7500U janareshan na 7 ne, i5-8250U na 8 ne. Na farkon kawuna biyu ne ke aiki a cikinsa, na biyun kawuna huɗu. Don haka i5 ɗin ya fi i7 ɗin gudu a irin aikinmu, alhali sau da yawa i7 ɗin ake tsuga wa kuɗi. Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 a ƙa'ida yana buƙatar na'urar tsaro ta TPM 2.0, da kuma farosesa daga janareshan na 8 zuwa sama idan ta Intel ce. Wanda ya sayi ƙasa da haka, sai dai ya koma Ubuntu ko wani Linux ɗin, abin da ba laifi ba ne ga mai rubuta kod, amma ya kamata ya shiga da saninsa.

RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da manhajoji ke aiki a cikinta, ita ce ke fara ƙarewa. VS Code, manhajar rubuta kod, shi kansa a kan Chromium, injin burauzar Chrome, aka gina shi, wato tamkar burauza ce ta biyu ka buɗe. Ƙara masa Chrome da shafuka goma, da Figma, manhajar zanen shafi, wadda ita ma a cikin burauza take zana komai, da sabar Node da ke jiran ka adana fayil ta sake haɗa aikin, sai ka ga 8GB ta cika. Daga nan Windows zai fara zuba rarar a kan faifan ajiya, linzamin ya riƙa maƙalewa. Ga mai koyon HTML da CSS da JavaScript ko mai harhaɗa WordPress, 8GB za ta kai shi. Wanda zai taɓa Docker, manhajar gudanar da sabobi a keɓe cikin kwamfuta, ko wayar gwaji ta Android Studio, 16GB ce mafarinsa. Faifan ajiya kuwa SSD kawai, wato mai sauri wanda ba ya juyawa, aƙalla 256GB. Foldar node_modules, inda ake tara kod ɗin wasu da aikinka ya dogara da shi, ta aiki guda tana iya ɗauke da dubban ƙananan fayiloli, kuma karanta irin waɗannan ne ke galabaitar da tsohon faifai mai juyawa.

Zaɓi uku ne ke gaban yawancin masu saye.

Na farko shi ne sabuwa dal a kwali, mai araha: farosesar Celeron, RAM 4GB, da ƙaramar ajiya irin ta eMMC mai 64GB. Tana da kyan gani da takardar garanti. A yawancinsu RAM ɗin a liƙe take da bod, ba a ƙara ta, kuma Windows da sabunta shi za su cinye fiye da rabin ajiyar. Ta buga wasiƙa ce da kallon darasi. A bar ta.

Na biyu shi ne tokumbo ta ofis, irin waɗanda kamfanonin Turai da Amurka suka yi aiki da su suka sallamar: ThinkPad T480, HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490. Duka ukun na wajen 2018 ne, kuma kowacce tana da gurbin RAM biyu. Ma'ana za ka iya saye da 8GB yau, bayan wata biyu ka ƙara sanda ɗaya ta DDR4 ka kai 16GB da sukurdireba kawai. Masu gyara sun san cikinsu, kibod da fanka da allonsu ana samu, in babu a Bauchi a aiko daga Kano ko Jos. A cikin ukun, T480 tana da abin da ya dace da halin wutarmu: batir biyu ne da ita, na ciki mai 24Wh da na waje da ake cirewa, wanda ke zuwa a 24Wh ko 48Wh ko 72Wh. Ana iya zare na wajen a maƙala wani kwamfutar tana kunne, na cikin yana riƙe da ita. Ranar da wutar JED, kamfanin rarraba lantarki, ta yi nisa, wannan ya fi kowace sitika amfani. Sai dai a kula da abu biyu. Akwai T480 da suka fito da farosesa janareshan na 7, don haka sunan kaɗai bai isa shaida ba. Akwai kuma masu allo 1366 da 768, mai dishi-dishi, wanda launi ke canzawa da zarar ka karkata kai. Mai zanen shafi ba zai iya aiki da irinsa ba: zai zaɓi shuɗi, mai aikin ya buɗe a wayarsa ya ga wani launi dabam. Nemi allo 1920 da 1080 na IPS, irin wanda launinsa ba ya canzawa idan ka karkata. Kada kuma a rikita ta da T480s ko T490, su RAM ɗaya a liƙe take, gurbi ɗaya ne kawai ya rage.

Na uku shi ne MacBook Air M1 ta 2020. Ta fi waɗancan tsada sosai, amma batirinta mai lafiya yana kai wunin aiki, cajarta 30W ce kacal, kuma ba ta da fanka sam, don haka ƙurar hunturu ba ta da inda za ta taru. Duk wanda zai gina manhajar iPhone dole sai Mac, domin Xcode, manhajar Apple da ake gina ta da shi, ba ya aiki a Windows. Matsalarta ita ce abin da ka saya shi ne naka har abada: RAM da SSD duk a liƙe suke, mai 8GB ba za ta taɓa zama 16GB ba. Idan allo ya fashe ko bod ya ƙone, kuɗin gyaran yana iya kai kuɗin wata ThinkPad ɗin sukutum. Ramukanta kuma biyu ne, duka USB-C. A taron masu kod irin DevFest, ko gabatar da aiki a ATBU ko Jami'ar Jihar Gombe, majigin ɗakin taro yawanci HDMI yake so, kuma wanda ya manta adaftarsa a gida sai ya bi mutane aro. Su tokumbon ofis ɗin nan uku da ramin HDMI ɗinsu suka zo.

Kwamfutocin wasan gem masu katin hoto suna burge matasa, amma gina shafi ba ya buƙatar katin. Cajarsu takan haura 130W, wadda ke shanye ƙaramar inbata, batirinsu kuma ba ya jimawa.

Zafin Maris da Afrilu a nan yakan kusanci digiri 40, kuma farosesa idan ta yi zafi da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Tokumbo mai shekara shida ko bakwai man da ke tsakanin farosesa da ƙarfen sanyayawa ya riga ya bushe. A sa mai gyara ya goge shi ya shafa sabo, ya busa fankar, a maimaita busawar bayan kowane hunturu. Kada a ɗora ta a kan katifa ko darduma, ta ƙasa take shan iska. Idan tana caji ta USB-C, kamar T480, fawa-banki mai 20,000mAh yana ɗauke da kusan 74Wh, amma sai wanda aka rubuta PD 65W a jikinsa. Na waya na yau da kullum ba zai ɗaga ta ba.

Kafin ka miƙa kuɗi, zauna a shagon ka yi gwaji. Buɗe Task Manager ka karanta lambar farosesa da yawan RAM da idonka. A Command Prompt rubuta powercfg /batteryreport, ka buɗe rahoton ka gwada Full Charge Capacity, cajin da batirin ke ɗauka yanzu, da Design Capacity, wanda ya zo da shi yana sabo. Idan na farkon bai kai kashi 70 cikin 100 na biyun ba, a rage maka kuɗin sabon batir. Sa manhajar CrystalDiskInfo a filashi ka duba lafiyar SSD da awannin da ya yi yana aiki. Buɗe farin shafi da baƙin shafi a cika allo don ganin tabo. Danna kowane maɓalli a Notepad, musamman baka-biyu da alamar waƙafi mai ɗigo, waɗanda mai buga wasiƙa ba ya damuwa da su amma kai kullum kana kansu. Sake kunna ta ka shiga BIOS, wato saitin da ke buɗewa kafin Windows, ta hanyar danna F1 a ThinkPad, F10 a HP, F2 a Dell. Idan ta nemi kalmar sirri kuma mai shagon bai san ta ba, ajiye masa abarsa. A Mac, sa a goge ta gaba ɗaya a gabanka a haɗa ta da intanet. Idan ta nemi Apple ID na wani ko ta nuna cewa wani kamfani ne ke sarrafa ta daga nesa, ba taka ba ce ko ka biya. Sannan a rubuta lambar jikin na'urar a rasit, tare da adadin kwanakin da aka yarda za ka iya dawo da ita.