Wata ɗaya ina girki da wani shafin abincin Koriya, ga yadda na gan shi

Ni dai kallon fina-finan Koriya ne ya ja min, kullum sai ki ga an jera 'yan ƙananan kwanuka a tebur ana ta ci da tsinke, ƙanwata kuma ta turo min wani shafin girkinsu ta ce in gwada. Ba zan faɗi sunansa ba kar a ce talla nake.

Kina shiga zai tambaye ki sabuwar shiga ce ke ko kin iya. Na danna sabuwar shiga duk da shekara nawa ina tuƙa tuwo, kuma gara da na yi haka wlh, don ɓangaren nan shi ne ya fi kyau a shafin gaba ɗaya. Da bibimbap suka fara min, shinkafa ce da karas da alayyafo da ƙwai a sama sai a zuba gochujang, wato wani jan haɗin barkononsu mai kauri, a cakuɗa, kowane mataki da hotonsa har yadda za ki yanka karas ɗin siri-siri, sannan akwai wajen da za ki sa yawan masu ci sai awon ya canza da kansa, mu da muke girkin mutum 9 kin ga ai an taimake mu. Sun kuma rubuta ɓaro-ɓaro cewa kofin Koriya mililita 200 ne, na Amurka kuwa wajen 240, da ban gani ba da na kwafsa tun ranar farko.

Inda muka ɓata da su a kimchi ne, wato kabejin da suke haɗawa da barkono a bar shi ya yi tsami. An ce gochugaru, wato garin barkonon Koriya, ni kuma ban samu ba, na duba ko sun faɗi abin da zai maye gurbinsa shiru, kawai na ɗauko dakakken barkonon gida na auna daidai yadda suka ce. Ashe nasu bai kai namu yaji ba ko kusa, shi ya sa suke zabga shi da kofi. Maigida ya kai loma ɗaya ya ajiye cokali ya ce Hajiya wani laifi na yi miki? Sannan an ce a bar shi a waje kwana 1 zuwa 2 ya yi tsami kafin a sa firji, to wannan lissafin garin sanyi ne, a zafin Kano kwana ɗaya bai cika ba murfin robar ya kumbura ruwan na tsiyaya. Layi ɗaya da za su ƙara a kan zafin gari ya isa.

Sai maganar halal, wannan kam ta dame ni. Babu wajen da za ki danna a cire miki masu naman alade, kuma girki da yawa akwai mirim a ciki wanda giyar girki ce ta shinkafa, sai kin bi kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya. Ko gochujang ɗin kanti a riƙa karanta jikin robar, wasu ana sa musu barasa.

Ɓangaren gwanaye na leƙa ne kawai, hotuna kaɗan bayani a dunƙule, akwai yadda ake haɗa doenjang tun daga waken suya wanda yake ɗaukar watanni, da na karanta sai na ce ai wannan 'yar uwar daddawa ce. Bulgogi ɗinsu dai, wato naman shanu da ake jiƙawa a kayan haɗi a soya, na yi sau 3, a nan kam sun ce in babu pear ɗin Koriya (ɗan itace mai kama da tuffa) a markaɗa tuffa a jiƙa naman, da man riɗi da tafarnuwa, ya yi laushi sosai yara har suna rigima a kan na ƙasan kasko. Tauraro 3 cikin 5 na ba su, kimchi kuwa sai hunturu zan sake gwadawa in na samo gochugaru.