Wasiƙa daga Ingila: gidan haya ma sai da lasisi

Assalamu alaikum Yaya. Da fatan kuna lafiya, kai da Hajiya da yara. Ka tambaye ni yadda harkar haya take a nan, tunda kana shirin zuba 'yan haya a gidanka na Rijiyar Zaki.

Tsada kam ba a magana. Abin da nake biya wa ɗaki ɗaya a wata zai kama wa mutum gida sukutum na shekara a wasu unguwannin Kano. Sauƙin dai wata-wata ake biya. Ruwa da wuta ba sa yankewa, amma kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu yana cin aljihu.

Abin da ya fi burge ni shi ne lasisi. Bisa dokar gidaje ta 2004, wadda aka faɗaɗa a 2018, duk gidan da mutum biyar ko fiye waɗanda ba iyali ɗaya ba suke tarayya a kicin ko banɗaki, sai mai shi ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukuma. Ɗakin kwanan babba ɗaya kada ya gaza murabba'in mita 6.51. A duba bututun gas duk shekara, wayoyin lantarki duk shekara biyar, a kafa ƙararrawar hayaƙi. Dokar 2016 ta ba ƙananan hukumomi ikon cin tara har fam 30,000, ana kuma iya tilasta wa mai gida ya mayar da kuɗin hayar da ya karɓa.

Waɗanda wannan doka ta fi yi wa rana su ne masu neman mafaka. Ni idan ɗaki bai yi mini ba sai in tattara kayana. Su kuwa inda Ma'aikatar Cikin Gida ta ajiye su nan za su zauna, yawancinsu ba izinin aiki, da ɗan tallafin da bai kai fam 50 a mako ba. Tun 2019 kamfanoni uku ke riƙe da kwangilar samar musu masauki, Serco da Mears da Clearsprings, su ke kama hayar gidaje daga masu su. A 2023 gwamnati ta so ta ɗage wa irin waɗannan gidaje sharaɗin lasisi na shekara biyu don ta rage kuɗin otal ɗin da take ajiye su. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin wuta ba ta tambayar takardar zama kafin ta ci mutum. Masu neman mafaka takwas suka kai ƙara, a Fabrairun 2024 gwamnati ta janye ana gab da zaman babbar kotu.

A layinmu akwai gidan da wasu samari 'yan Sudan da Eritiriya suke, muna haɗuwa da wasunsu a masallaci. Na shiga na gani da idona: funfuna baƙa ƙirin ta hau bango bayan gado, katifa tana warin danshi, ƙofar kicin ba ta rufuwa. Ranar da jami'ar ƙaramar hukuma ta zo suka kira ni in yi musu tafinta. Ta auna ƙaramin ɗakin da tef, ta danna ƙararrawar da ke silin, shiru. Ta rubuta, ta ɗauki hoto. Ba a jima ba masu gyara suka zo, aka fitar da gado daga wancan ɗakin.

Sai dai kada ka ɗauka ko'ina haka ne. Masu dubawar ba su da yawa, wata ƙaramar hukumar ta fi wata zafi, kuma samarin nan sun daɗe suna haƙuri don tsoron kada ƙorafi ya ɓata musu takardu. Da wani dattijo a masallaci bai matsa musu ba, da har yanzu suna cikin danshin.

Game da gidanka Yaya, don Allah ka sa mai lantarki na kirki ya sake duba wayoyin kafin kowa ya tare, kuma banɗaki ɗaya ba zai ishi ɗakuna shida ba. Zan turo gudummawata ƙarshen wata in sha Allah. A gaida Hajiya, a ce ta sa ni a addu'a.