Gargaɗi ga masu neman fankar EDF: an damfare ni da inji mai sitikar ƙarya

'Yan uwa masu haɗa jiragen rimot, raina a ɓace yake, ku yi haƙuri idan maganar ta zo a hargitse. Akwai wani mutum da ke tallar fankar EDF a intanet, irin fankar nan ta cikin bututu da ake sa wa ƙaramin jet, kuma wallahi ɗan damfara ne. Ya sayar mini da fanka mai faɗin milimita 70, fuka-fukai 12, ya ce injinta 2100KV ne (KV shi ne yawan juyin inji a minti kan kowane volt ɗaya), na batirin 6S, wato mai sel shida a jere, tana turi har kilo 2.4. Kilo 2.4 ya rubuta, ya maimaita da bakinsa a saƙon murya. Ni dai ban ga kilo 2.4 ba, hayaƙi na gani.

Kafin wani ya ce na yi cinikin biri a sama, ya tsaya ya ji. Ba yau na fara wannan harkar ba. Na tambaye shi KV, ya faɗa. Na tambaye shi wutar da take ja, ya ce ba ta wuce amp 70, ESC ɗina (na'urar da ke sarrafa gudun inji) mai amp 80 ya isa. Lambobin nan duk sun yi daidai da abin da fanka mai milimita 70 ke yi a kan 6S, babu wanda zai ji su ya yi zargi. Na nemi bidiyo, ya turo. Fanka a ɗaure kan sikeli, da leɓen shan iska a bakinta kamar yadda masu gwaji na gaskiya ke yi, sikelin ya hau ya tsaya a 2.4. To me ya rage mutum ya tambaya? Har ma na taɓa sayen ƙananan kaya a hannunsa, sun iso lafiya.

Abin da ke ta dawo mini a rai shi ne lokacin da ya ce, "Yallaɓai, mu yi cinikin nan tsakaninmu, shafin yana cire kaso mai yawa, gara in rage maka." Da wannan yallaɓai ɗin ya fitar da ni daga inda zan iya kai ƙara a dawo mini da kuɗina. Na biya kuɗin fanka gaba ɗaya, na biya na aikowa, sannan ya ce akwai kuɗin daidaita farfela a na'ura don kada ta yi karkarwa. Shi ma na biya, daban. Kuɗin daidaitawa daban, jama'a, a kan farfelar da ko juya ta ka yi da yatsa sai ka ji tana gogar bututu ta gefe ɗaya.

Tun wajen buɗe kwalin ma. Ya ce jikin alminiyam ne. Na ƙwanƙwasa da farce na ji ƙarar roba, na karce gefen kunnen da ake ɗaurewa, fenti mai ruwan azurfa ya ɓare, baƙar roba ta fito. Na yi masa magana, ya ce sabon samfuri ne, ya fi rashin nauyi.  Abin da na riƙe shi ne ya ce in ɗora 6S kawai in gani, "za ka gode mini, yallaɓai."

Allah ya so a kan teburi na gwada, ban sa ta cikin jirgi ba. Na ɗaure ta, na jona mitar wuta tsakanin batir da ESC, na ɗaga sandar ƙara gudu a hankali. Daga rabi ƙarar ta koma wani irin ihu, teburin na rawa. Na ƙara kaɗan, mitar ta haura amp 100. Kafin in sauke hannu fiffike ɗaya ya tsinke ya fasa bututun, ESC ya kumbura ya yi ta hayaƙi. Da fuskata na gefen nan, da yanzu wani labarin ake yi.

Da injin ya huce na ɓare sitikar da ke jikinsa. A ƙarƙashinta an zana 3000KV a jikin ƙarfen. Injin 4S ne aka manna wa sitikar 2100KV. Ku lissafa da kanku: 6S volt 22.2 ne, a 2100KV juyi wajen dubu 46 ke nan a minti idan babu kaya, a 3000KV kuwa ya haura dubu 66. Ƙarfin da fanka ke ci kuma ba ya hawa daidai da gudu, idan gudu ya ninka sau biyu shi sau takwas yake ninkawa. Wane ESC ne zai ɗauka? Wace roba ce za ta jure? Ya san haka sarai, da gangan ya manna sitikar.

Na tura masa hoton 3000KV ɗin. Ya gani, ya yi shiru, da safe na tarar ya toshe lambata. Shafin nasa kuma ya sauya suna, amma bidiyon nan na kilo 2.4 yana nan a sama yana jiran wani. Daga baya na ci karo da bidiyon a wani wuri, na wani mutum ne daban, an yanke farkonsa inda yake gabatar da kansa. Kuɗin fanka, kuɗin aikowa, kuɗin daidaitawa, ga ESC ɗina da ya ƙone. Allah ya isa tsakanina da shi.

Hotunan hirarmu, rasit, sitikar da na ɓare da fasasshen bututun duk suna hannuna, zan sa su nan da zarar na rufe bayanan asusuna.

Kada ku biya kowa a wajen shafin da kuka ga kaya. Ku sa mai sayarwa ya yi sabon bidiyo da mitar wuta a jone, da sunanku a takarda kusa da sikelin. Idan kaya ya iso ku duba ƙarƙashin sitika kafin ku jona batir, kuma kada ku tsaya a gefen farfela.