BIM, hanut ko suk: inda ɗalibin Damagaram zai yi cefane a Maroko

Duk shekara bayan sakamakon bak, jarrabawar kammala sakandare, ƴan Damagaram da suka samu bursu, wato tallafin karatu, zuwa Rabat, Fes ko Kazabulanka sukan yi tambaya guda: ina ake cefane mai sauƙi? Amsar da magabata ke bayarwa ita ce BIM. Na yi amfani da shagon sosai, kuma hukuncina shi ne yana biyan rabin buƙata kawai, sauran rabin na suk ne, wato kasuwar Maroko, da na jakar da ka ɗauro daga kasuwar Dole ta Damagaram.

BIM kamfanin Turkiyya ne, ya shiga Maroko a 2009. Shagunansa ƙanana ne cikin unguwanni, kaya a jere cikin kwalayensu, kowane da farashi a rubuce. Ga baƙon da bai iya Darija, Larabcin Maroko, ba wannan babbar rahama ce, don babu ciniki balle a gane bakinka a ƙara maka. A nan ya kamata a sayi kayan wata: makaroni, man girki na lita 5, sukari, tumatirin gwangwani, sardin, sabulun wanki, man goge baki. Ranar Juma'a sukan fito da kayan gida irin su tukwane, barguna da butar lantarki, kuma suna ƙarewa da wuri, sai a sammako. A tafi da jaka, domin tun 2016 ƙasar ta hana leda.

Shinkafa ce ke ba sabon zuwa kunya. Mutanen Maroko burodi da kuskus suka fi ci, shi ya sa shinkafar tasu ƴan ƙulli ce na kilo ɗaya, ba buhu ba. Iri biyu za ka gani, doguwa da mai kewayayyen ƙwaya. Ta biyun sitaci ya yi mata yawa, in ka yi dafa-duka da ita caɓewa take yi. Ɗauki doguwa, ko turararriya mai ɗan rawaya, ka wanke sau uku, kofi ɗaya na shinkafa kofi biyu na ruwa.

Kayan miya kuwa ba na kanti ba ne. Albasa, tumatir, dankali da tattasai sun fi araha a suk, musamman dab da magariba lokacin da masu teburi ke son tashi. Sai dai a manta da tiya, komai kilo ne. Kaza ma da ranta ake auna ta kafin a yanka a fige, kuma abin da zai shiga tukunya ya kan ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, don haka kada farashin kilo ya ruɗe ka.

Abin da ya fi cin kuɗin baƙo shi ne lissafi. Kamar yadda muke cewa dala ashirin muna nufin sefa 100, su ma masu suk da hanut, wato ɗan shagon unguwa, da riyal suke faɗin farashi, riyal 20 kuwa shi ne dirhami 1. In aka ce maka riyal 100, dirhami 5 ke nan, kusan sefa 300. Wanda ya miƙa dirhami 100 ya juya ya yi sadaka ba da niyya ba. Raba da 20 kawai, ko ka ce a faɗa maka da dirhami.

Hanut ya fi tsada kaɗan, amma kada a raina shi. Shi ke sayar da ƙwai ɗaya, shi ke buɗe har dare, kuma in kun saba yakan buɗe maka littafin bashi ranar da bursu ta makara. A wurinsa ake canza butelin gaz: na kilo 12 ya koma dirhami 50 tun watan Mayu na 2024. Sayen farko ne mai nauyi, don sai ka biya kuɗin butelin kansa. Bayan an ɗaura kan gaz ɗin, a shafa ruwan sabulu a mahaɗa. In ya yi kumfa, robar ciki ta mutu, a sauya ta kafin a kunna ashana.

Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yajin gida, babu ko ɗaya a BIM. Hatsi sai wajen masu kayan ƙamshi, da sunan illan, kuma da tsada. Ɗanyar kuɓewa mulukiya suke ce mata, ba lalo ba ne kamar a Masar. Akwai kasuwar ƴan Senegal kusa da Bab Marrakech a Kazabulanka, amma farashinta na marmari ne. Gara a dako komai tun daga gida: kuka kilo 2, kuɓewa kilo 2, daddawa a cikin roba mai murfi a naɗe da leda biyu don kada tufafi su ɗauki wari. Kayan nama irin kilishi kwastan na iya riƙe su. Danshin hunturu a Rabat yana dunƙule garin kuka har ya yi funfuna, ba kamar busasshiyar iskar Damagaram ba, saboda haka da isa a juye shi cikin kwalba, a bar ɗan na mako kawai a kusa da murhu.