Ofishin Harajin Hajiya 'Yar Kumasi a Niyok: Yabo da Ƙorafi Daga Ƙasar Ringim

Wanda ke da ɗan'uwa a Amurka mai son ɗaukar matarsa, kuma ya san sana'ar ɗan'uwan ta kuɗi a hannu ce ba ta albashi ba, zai amfana da wannan bayani. A kan wani ofishin cike takardun haraji ne da ke unguwar Bironks a birnin Niyok, na wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, wadda mijin ƙanwata ya yi aiki da ita a 2024. Ƙafata ba ta taɓa taka ofishin ba. Daga ƙauyenmu na san shi, ta WhatsApp, domin ni ne mai ɗan karatun boko a gida, ni ke karanta wa ƙanwata takardu, ni ke zuwa Ringim a ɗauki hotonsu a tura. Sunan ofishin zan bar shi a cikina, tunda akwai ƙorafi a maganar.

Mijin nata ya tafi ne ta cacar biza, tun kafin a cire Nijeriya daga cikinta. Ya yi shekaru yana aiki a wani sito inda ake yanke haraji daga albashi, har ya zama ɗan ƙasa. Bayan korona ya ajiye aikin, ya koma kai abinci gida-gida da motarsa, ranar Juma'a kuma ya baza shadda da huluna da turare a ƙofar masallaci. Daga nan ya daina kai takardar haraji: 2021, 2022 da 2023, ko ɗaya bai kai ba. A tunaninsa wanda ba ya ɗaukar albashi ba shi da abin kaiwa, alhali a dokarsu mai sana'ar kansa da ribarsa ta kai dala 400 a shekara wajibi ne ya kai. An ɗaura aure a 2022, ya shigar da fom I-130 na neman ɗauko matarsa, aka amince, fayil ya wuce cibiyar biza ta NVC. Can ne aka ce ya kawo I-864, takardar rantsuwar ɗaukar nauyin mace, haɗe da shaidar harajin shekarar da ta gabata. Nan ido ya raina fata.

Fom ɗin yana tambayar abin da ka samu a shekaru uku na baya, kuma dole samunka ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin ƙasar. A 2024, ga gida mai mutum biyu, dala 25,550 ke nan. Wanda ya kamata ya kai takardar haraji bai kai ba, sai ya fara kai ta tukuna.

Kafin Hajiya akwai wani mai shago da abokai suka nuna masa. Shi wannan cewa ya yi a faɗa masa adadin da ake so kawai, ya rubuta dala 30,000 a shekara ɗaya, a manta da sauran biyun, kuma ba zai sa hannunsa a takardar ba. Gaskiya a lokacin maganar ta yi wa kowa daɗi a gida, domin ƙanwata ta gaji da habaicin matan gari masu cewa auren waya aka yi mata. Wani direban bas ɗan Zazzau ne ya hana shi, ya ce duk wanda ya karɓi kuɗinka ya cike maka haraji amma ya ƙi sa hannu da lambarsa ta PTIN, wato lambar rajistar masu cike wa mutane haraji, ya shirya barinka kai kaɗai ne ranar da aka zo tambaya. Shi ya kai shi wurin Hajiya, wadda ke da lasisin wakiltar mutane a gaban IRS, hukumar harajin ƙasar.

Kiran farko bayan isha aka yi shi, can kuma rana ce tsaka, ni ina tsaye a jikin katangar firamare inda sabis ke kamawa. Bayan gaisuwa ba ta tambaye shi nawa yake samu ba. Cewa ta yi, "Ɗana, nawa kake turawa gida duk wata?" Ya yi shiru. Ta ce, "Malam, kai da kake karɓa faɗa mini." Na faɗa. Ta ce, "To mutumin da ke tura wannan, ya kuma biya hayar ɗaki a Niyok, ba zai ce bai samu komai ba. Ba kuma zai ce ya samu dubu talatin don yana son biza ba. Takardu biyu za ka sa wa hannu da rantsuwa, ta IRS da ta shige da fice. In suka saɓa, matarka ce za ta tsaya a gaban tagar jami'in biza a Legas, ba kai ba."

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta tono shekarun nan uku. Ta sa ya ciro bayanan banki wata-wata. Ta nemo takardun 1099 na kamfanonin kai abinci, masu nuna abin da suka biya shi, ta nuna masa cewa kwafinsu yana hannun IRS tun tuni, wato ɓoyon da yake ganin ya yi ba ɓoyo ba ne. Sai cinikin ƙofar masallaci, wanda ba shi da takarda ko ɗaya a can. Ta tambaya wa ke saro kayan, na ce ni ne, a Kantin Kwari. Ta ce ina rasit? Allah ya taimaka ina jefa su a wani gwangwanin madara a saman kwaba. Na zazzage su a tabarma, wasu sun koɗe, wasu ɓera ya ci gefensu, mai shagon ya rubuta "shadda 10 yadi biyar-biyar" da biro ja. Na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya. Ta jera su bisa kwanan wata, ta mayar da nairar dala a canjin lokacin da aka saya, ta haɗa da littafin bashin da yake rubuta masu karɓar kaya. Wanda bai karantu ba ta ajiye shi gefe, ta ce ba za ta yi kintace ba.

Daga nan aka shiga tsaka mai wuya. Mai sana'ar kansa ana cire masa abin da ya kashe a sana'ar kafin a lissafa samunsa. Motar kaɗai, a 2023, santi 65.5 ake cirewa a kan kowane mil na aiki. Wannan yana rage haraji, amma yana rage adadin da jami'in biza zai duba. Da aka gama, samunsa na 2023 ya tsaya wajen dala 21,000, bai kai ma'auni ba. Ya roƙe ta ta bar kuɗin motar kada ta cire, adadin ya hau. Ta ƙi. Ta ce ɓoye abin da ka kashe don ka kumbura samunka, da ɓoye abin da ka samu don ka gudu daga haraji, duk hannu ɗaya ne ke rubuta su. Ya kira ni yana huci, "Yaya, matar nan ni take wa aiki ko gwamnati?" A ganina ta yi daidai, ko da yake ba ni ne zan biya ba, faɗa ta fi sauƙi a bakina.

Ta kuma kama wani abu da mai shagon farko zai bari ya wuce. Shi yana shirin rubuta kansa a matsayin marar aure, tunda matar ba ta ƙasar. Ta ce ba zai yiwu ka faɗa wa hukuma ɗaya ka yi aure a 2022, ka faɗa wa ɗayar kai gwauro ne a shekarar ba. Ta rubuta shi a matsayin mai aure da ke kai takardarsa shi kaɗai, ta kuma bayyana masa ɗaya hanyar, ta haɗa su tare bayan an nema wa ƙanwata lambar ITIN, lambar biyan haraji ta baƙi, wadda ke jan lokaci.

Lissafin da ya fito bai yi daɗi ba. Harajin mai sana'ar kansa kashi 15.3 ne, ban da harajin samu. Tarar rashin kai takarda kashi 5 ce duk wata har ta kai 25, ga tarar rashin biya, ga ruwa a kai. Ta shirya masa biya kaɗan-kaɗan duk wata, ta ce bashin haraji da ake biya bisa yarjejeniya ba shi ne matsalar ba, rashin kai takardar ne. Mu a nan mun ji a jikinmu, domin kuɗin da yake turowa ya ragu daidai lokacin sayen taki.

Giɓin da ya rage, Baba ya ce a lissafa gonar fadama da shanu. Nan Hajiya ta ja birki, ta ce ita ba lauya ba ce, haraji ta sani, ta tura shi wurin lauyan shige da fice. Lauyan ya ce ana karɓar kadara, amma ga matar ɗan ƙasa sai darajarta ta ninka giɓin sau uku, kuma ta zama wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda, da shaida. Gonar gado da ba a raba ba, ba ta da takarda sai shaidar mai unguwa, ba ta shiga wannan sahun. Aka koma neman wanda zai tsaya masa, shi ma ya cike nasa I-864. Direban bas ɗin nan ne ya tsaya, amma sai da ya yi shawara da iyalinsa, domin nauyin ba ya sauka ko da aure ya mutu; sai matar ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara aikin kimanin shekara goma, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko rai ya yi halinsa. Ba ƙaramin zumunci ba ne, Allah ya saka masa.

Yanzu ƙorafi. Ta ce kuɗin aikinta dala 350 ne kowace shekara, sau uku ke nan, wanda a canjin 2024 ya haura naira miliyan ɗaya da rabi. Sai da aka yi nisa aka ce takardun jihar Niyok kuɗinsu daban. Ba zan ce zamba ba ce, amma abin da za a faɗa tun ranar farko ne. Sannan ya je mata a watan Maris, kakar haraji da ke ƙarewa 15 ga Afrilu, lokacin da ofishin ke cike maƙil. Saƙo yakan kwana biyu ba a buɗe ba, yarinyar da ke taya ta kuma ta sa na sake tura rasit ɗin da na riga na tura, ni da ke sayen data da cajin waya a shago. Wanda ya fi ba ni haushi, ta sa muka zauna jiran takardar taƙaitawa daga IRS, sai daga baya lauyan ya ce cikakken kwafin abin da aka kai, haɗe da 1099, ya isa a tura wa NVC. Ta ce wannan ba fanninta ba ne. Na yarda, amma wadda rabin masu zuwa wurinta maganar ɗaukar iyali ke kawo su ya kamata ta san shi.

Duk da haka, in aka tambaye ni, zan tura mutum wurinta, in dai ya shirya jin adadin gaskiya da biyansa. Mai neman wanda zai rubuta masa abin da yake so ya sauya hanya, ba za su shirya ba. Ya je bayan Afrilu, ya nemi jimillar kuɗin aiki a rubuce har da na jiha, ya kuma riƙe lauyan shige da fice a gefe tun farko. Adadin ma'aunin nan yana sauyawa duk shekara, a 2025 ya koma dala 26,437 ga mutum biyu. Mijin ƙanwata har yanzu yana tare da ita. Ta ɗora shi a kan biyan haraji sau huɗu a shekara, ni kuma ta ce rasit ɗin Kwari in riƙa tura shi ranar da aka saya.