Gawayin tace ruwan rini, ra'ayina bayan na yi amfani da shi

Masu rinin shadda da ke ta tambayata kan gawayin nan na ɓawon kwakwa, gaskiya yana aiki. Ba irin gawayin girki ba ne fa, ɓawon ake ƙonawa a rufe ba iska sosai sannan a sake gasa shi da tururi ko sinadari sai ya yi ƙananan ramuka birjik, su ne ke riƙe kalar. Akwai na ɓawon gyaɗa da na ƙaiƙayin shinkafa ma amma na kwakwan ya fi tauri, ba ya dagargajewa.

Na huda ƙasan durom na shimfiɗa tsakuwa da yashi, gawayin a sama, na riƙa zuba ruwan ɗauraya a hankali. Shuɗin da ke mayar mana da kwata kamar tawada ya fito garau wallahi, har makwabta sun daina ƙorafi. Ja ne mai taurin kai, sai ya bi sau biyu kuma duk da haka da saura.

Inda matsalar take, kala kawai yake kamawa, sodar da ake sa wa rinin tana nan daram a ruwan, in ka sa hannu za ka ji santsinta, don haka kar a ba dabbobi ko a zuba wa shuka. Kuma ku sayi mai tsaba-tsaba, garin yana toshe yashin nan da nan. In gawayin ya ƙoshi kalar za ta fara dawowa, sai canji, ga shi buhun ba arha. Wanda ya ƙoshin ma a buhu nake ɗaurewa, in ka watsar a bola ruwan sama zai iya kwashe shi ya mayar kwata.