Kimiyya da ruhaniyya: wacce ke kai mutum ga haƙiƙa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko kimiyya da ruhaniyya kishiyoyi ne, kuma wacce ta fi kai mutum ga sanin haƙiƙar abubuwa. Mu ɗauki husufin rana, mu ga yadda kowacce ke tunkararsa.

Masanin kimiyya zai ce maka wata ne ya gitta tsakanin rana da duniya, ya lissafa maka ranar da abin zai faru har da mintinsa, tun da sauran shekaru. Idan ya kuskure kowa zai gani, kuma nan ƙarfinsa yake. A husufin 29 ga Mayun 1919, masanin taurari ɗan Birtaniya Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurari daga tsibirin Principe da ke gaɓar yammacin Afirka don gwada hasashen Einstein cewa nauyin rana na lanƙwasa haske. Da hotunan sun saɓa, da ƙa'idar ta shiga uku.

Ita ruhaniyya wani abu ne daban ya dame ta. Me ya sa mutum ke jin ƙanƙantarsa idan gari ya yi duhu da rana tsaka, tsuntsaye suka yi tsit? Ina zai kai wannan tsoron? Hujjarta ɗanɗano ce. Imam Gazali, wanda ya ajiye koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1095 ya shiga halwa, ya ce sanin ma'anar lafiya daban, zama lafiyayye daban. Wannan ba ya hawa sikeli, shi ya sa maƙaryata suka fi samun mafaka a nan. A faɗi gaskiya, rauninta ke nan.

Gazalin nan kuwa shi ne ya gargaɗi masu musun lissafin husufi da sunan addini, ya ce cutar addinin suke yi.

Inda nake ganin ana tafka kuskure shi ne a tilasta wa ɗaya ta tsaya wa ɗaya shaida. Georges Lemaître, limamin Katolika kuma masanin kimiyya ɗan Beljiyam, shi ya nuna a 1927 cewa sararin samaniya na faɗaɗa. Da Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a 1951 yana ɗaukar binciken a matsayin hujjar halittar duniya, abin bai yi wa Lemaître daɗi ba, alhali shi ma mai imani ne. Ya san ƙa'idar kimiyya kan sauya idan sabon awo ya zo, don haka ya bi ta hannun mai ba Fafaroman shawara kan kimiyya, aka lallashi Fafaroman ya daina haɗa binciken da addini.